Abba, kar ka sayar da filin nan don biyan hayar Abuja

Assalamu alaikum Abba,

Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya amaryata da ƙaninta, ya aiki. Mu nan sai godiyar Allah, ƙafar ce dai take ɗan taɓa ni in sanyin asuba ya sauko amma da sauƙi sosai.

Na rubuto maka ne saboda na san halina na kuma san naka, in muka zauna ido da ido ni zan ɗaga murya kai kuma ka sunkuyar da kai kace "to Baba" ka tashi ka je ka yi abin da ka riga ka ƙulla a ranka. Rubutu kuwa yana nan a wayarka, ka karanta yau, gobe in zuciya ta huce ka sake karantawa.

Magana ta zo min cewa an ga dillalai a filin Danbare da tef suna awo, da mai gonar da ke jikinsa ya tambaye su sai suka ce wai mai fili ne ya turo su, zai koma Abuja yana neman kuɗi da gaggawa. Ba daga bakinka na ji ba Abba, a ƙofar masallaci na ji, gaban mutane, na tsaya ina gyaɗa kai kamar da sanina ake yi. Maganar aikin Abuja ka faɗa min, na yi maka addu'a kuma har yanzu ina yi, amma ta fili ka ɓoye, kuma wannan ɓoyewar ita ta nuna min kai kanka zuciyarka ba ta kwanta da abin ba.

Toh bari mu yi lissafi irin na kasuwa da alƙaluman da kai da bakinka ka ba ni ranar da ka zo da takardar aikin. Ka ce nan Kano kana ɗaukar dubu 260, can za su ba ka dubu 480. Kowa ya ji haka zai ce an ninka maka, nima da farko haka na ce. Gidan da kake ciki a Dorayi dubu 600 kake biya a shekara, wato dubu 50 a wata, ka ga dubu 210 ke rage maka. Shi kuma na Gwarinpa da abokinka ya turo maka hotonsa, mai ɗaki biyu da falo, ka ce miliyan 3 da rabi. Amma ai ba shi kenan ba, ejan zai karɓi kashi 10 cikin 100, lauyan da ba ka taɓa gani ba shi ma kashi 10, sannan ga wani kuɗi da suke riƙewa wai ko za ka ɓata musu gida, ka ce dubu 200, kuma wanda aka mayar wa wannan kuɗin cikakke ranar tashi ni dai ban san shi ba. Ka haɗa, miliyan 4 da dubu 400 kenan kafin a miƙa maka mukulli. Raba shi gida 12, ya haura dubu 360 a wata. Cire daga dubu 480, me ya rage? Bai kai dubu 120 ba. Ko a shekara ta biyu da babu ejan babu lauya, in ma mai gida ya ji tsoron Allah bai ƙara ko kwabo ba, dubu 188 ne zai rage maka, har yanzu bai kamo abin da ke hannunka a Dorayi ba. Kuma fa ba mu sa kuɗin mota ba, ba mu sa sabis caj na mai gadi da shara ba, ba mu sa makarantar amaryata ba, ba a ɗora tukunya ba tukuna.

Na san abin da za ka ce, ai shi ya sa za a sayar da filin, a biya shekarar farko a sayi kujeru da labule a zauna, kafin shekara ta zagayo ka tara. Da me za ka tara? Ka nuna min a cikin lissafin nan inda tarin zai fito. An ce miliyan 6 dillalan suka taya, haya ta cinye 4.4, motar kwashe kaya da kuɗin makaranta da ɗan abin da gida zai buƙata su cinye sauran, wata 12 kacal mai gida ya aiko maka da takarda, ka waiga babu kuɗi babu fili. Wannan daidai yake da mutum ya sayar da saniyar da yake tatsa don ya sayi nonon shekara ɗaya.

Ga kuma abin da ka karanta min da sauri ka wuce, wai wata 6 na farko gwaji ne. Na ji shi sarai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kamfani ne ba gwamnati ba, in suka ga ba ka yi musu ba ko su kasuwa ta juya musu, takarda ɗaya za su ba ka, shi kuwa mai gida ba ya mayar da kuɗin haya don an sallame ka.

Abuja gari ne mai kyau, ban musa ba. Titunan cikin gari babu irinsu a ƙasar nan, a unguwannin tsakiya ka buɗe famfo ruwa ya zo daga dam ɗin Usuma, ga tsafta ga itatuwa, babu hayaniyar adaidaita sahu a kunnenka. Amma wannan Abujar ta Maitama da Asokoro da Wuse 2 ba don mai albashi aka gina ta ba. Tun da aka dawo da gwamnati can a Disamba 1991 ma'aikata ke ta turuwa waje, masu yi wa garin aiki ba sa kwana a cikinsa. Ka tsaya a shataletalen AYA da safe ka ga abin da ke kwararowa daga Nyanya da Karu da Mararaba, ita Mararabar ma jihar Nasarawa ce, ka koma ɗaya ɓangaren ka ga na Kubwa da Dei-Dei da Zuba da Suleja wadda ke jihar Neja, ga na Lugbe ta hanyar filin jirgi. Can haya ta fi sauƙi, gaskiya ne, amma abin da ka rage a haya za ka biya shi a kuɗin mota da kuma jikinka. Mutum ya fita kafin gari ya waye, sallar asuba a gaggauce, ya dawo bayan isha'i yara sun yi barci, ranar Asabar ya kwana yini saboda gajiya. Ɗan Gwaggonka na Dei-Dei ka tambaye shi yaushe rabon da ya ci abincin dare da ƴaƴansa ranar aiki. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin 2024 ta ƙare, ma'aikata da yawa masu mota sun koma ɗaukar fasinja a hanyar ofis don su haɗa kuɗin mai, wasu sun ajiye motar kwata-kwata. Kuma cikin gari an hana acaɓa, keke ma iyakarsa unguwanni, sai dai ka tsaya bakin titi ka shiga motar da ba ka san mai ita ba, a nan ƴan wan-cans ke samun mutane, su ɗauke ka kamar fasinja su kwashe maka asusu su wurgo ka gefen hanya, wanda ya yi sa'a kenan. Nan gida daga Dorayi zuwa wurin aikinka adaidaita ɗaya ne, in ka ga dama ma ka dawo ka ci abincin rana.

Wuta ma ka ce min can akwai wuta. Akwai, ga mai iya saye. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin ƴan Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane yunit, wai za a ba su awa 20 a rana, an ɗan rage daga baya amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Irin gidan da kake hange in ya faɗo a wannan layin ka kunna na'urar sanyi da firij da abin dumama ruwa, kati zai rinƙa ƙarewa kana kallo.

Sai maganar Legas da ka ce in Abuja ba ta yi ba babban ofishinsu na can, kuma wai can kuɗi ya fi gudu. Wannan kam ka zo gidana, don Ikko ba labari aka ba ni ba, ƙuruciyata can ta ƙare a bin wake daga Dawanau zuwa Mile 12 da Iddo. Kuɗi na gudu a Legas, babu garin da ya kai ta a ƙasar nan, mai sayar da ruwan leda ma in ya dage zai ga canji. Amma yadda yake shigowa da gudu haka yake fita. Buhun da na saya a Dawanau kafin ya sauka can ya ci kuɗin ƴan dako, ya ci kuɗin mota da dizal na tafiyar kusan kilomita 1,000, ya ci kuɗin ƙungiya, ya ci shingayen kan hanya da ba sa ƙirguwa, ya ci la'ada da hayar rumfa, kuma duk wannan ba ni nake biya ba, matar da ta zo sayen dirika ɗaya ta dafa wa ƴaƴanta ita ke biya. Mu nan da kwano muke awo, can da gwangwani. Tumatir da albasa da tattasai da nama duk daga wajenmu suke tafiya, in ka koma can kai ne za ka zama wannan mai sayen na ƙarshe. Abuja ta ɗan fi sauƙi a nan, doya da garin rogo suna zuwa mata daga kusa, Nasarawa da Neja da Binuwai, kuma in matarka za ta jure zuwa Karmo ko Gosa ko Dei-Dei maimakon kasuwar Wuse za ta rage wani abu, amma ko kusa ba za ta samu farashin Yankaba da Dawanau ba.

Haya kuwa a Legas sai wanda ya gani. Suna da doka tun 2011 da ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, ita dokar da kanta ta cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da GRA ta Ikeja, sauran wuraren kuma ka je ka ce wa mai gida doka ta ce, zai nuna maka mutum goma a bayanka da kuɗinsu a hannu. Ga abin da suke kira agrimen da kwamishan a kai. Ofisoshin manya suna tsibiri, masu aiki suna Agege da Ikorodu da Iyana Ipaja har cikin jihar Ogun, ƙarfe 4 na dare mutum ya tashi don ya riga gosulo hawa gadar Third Mainland. Sun yi ƙoƙari, akwai manyan motocin bas na BRT tun 2008, sun buɗe jirgin ƙasa na Marina zuwa Mile 2 a 2023 da na Agbado zuwa Oyingbo a 2024, amma mutanen sun fi ƙarfin abin hawan. Wanda ya ce zai zauna kusa da aiki a Lekki ko Ajah kuma ya biya kuɗi mai zafi, damina ta zo ruwa ya shigo masa falo, ruwan rijiyar burtsatsen ma ba ya shawuwa sai an saya. Ka dubi mafi ƙarancin albashi, da aka mayar da na ƙasa dubu 70 a 2024 Legas ta ce 85 Kano ta ce 71, bambancin dubu 14 ne, wallahi ba zai kai mutum aiki ya dawo da shi na sati biyu a can ba.

Na zauna da Yarbawa lafiya, wanda ya ba ni ɗaki a Agege mutumin kirki ne, ya yi min abin da wani ɗan'uwan bai yi ba, Allah ya jiƙansa. Amma duk daɗewarka baƙo ne kai. Abin da ya faru a Idi-Araba a 2002 da Mile 12 a 2016 ba mu manta ba, faɗan mutum biyu ne yake zama na ƙabila cikin awa ɗaya, kuma da aka hana acaɓa a 2022 ka ga yadda yaranmu suka yi ta dawowa a bayan tirela ba ko sisi. Waɗanda suka dawo suka samu inda za su sa haƙarƙari su ne waɗanda suka bar wani abu a gida. Wannan nake so ka riƙe.

Kar kuma ka ce Baba yana yabon Kano ne don garinsu ne. Na san ciwon garin nan fiye da kai. Famfon gidanmu yaushe rabon da ya ɗiga, kullum sai mai kura ya kawo jarkoki kuma kullum da sabon farashi. Wuta in ta zo yara har ihu suke. Zafin Afrilu, ƙurar hunturu, kwatoci a cushe, ga yaran nan masu ƙwacen waya da wuƙa da suka sa mutum ba ya iya amsa kira a bakin titi bayan magariba. Masana'antun Sharada da Bompai da Challawa da suka ɗauki iyayenku aiki yawancinsu sun zama kango ko sito, shi ya sa mai karatu irinka yake hangen waje, ban ga laifinka ba a nan. Amma akwai abubuwan da Kano ke ba ka da ba ka taɓa sa musu farashi ba don ba a taɓa cajinka ba. Lokacin da matarka ta haihu wa ya zauna da ita har ta yi arba'in? Daren da yaron nan ya shiɗe, minti nawa aka yi kafin maƙwabcinka ya fito da mota, kuma wa ya kwana da amaryata? Bara da ka makara da kuɗin haya wata biyu, ba Kawunka ne ya taka ya je ya ga mai gidan aka ce ba komai ba? A Gwarinpa ba ka ma san mai gidan ba, lauya ne ko ejan, ba ka da dattijon da za ka tura, ba su san alfarma ba sai rasit. Mai raino kuɗi, Islamiyya mai kyau kuɗi, wanda zai karɓo yara daga makaranta kuɗi, gaisuwar mutuwa ko biki a gida kuma sai ka yi tafiyar sama da kilomita 400 a hanyar da aka fara gyaranta tun 2018, ko ka bi jirgin ƙasan Kaduna da kowa ke tuna harin da aka kai masa a Maris 2022.

Akwai kuma maganar da aka ce ka yi a gidan abokinka, ban so in kawo ta ba amma ta tsaya min a wuya. Wai a Kano albashin mutum ba nasa ba ne, kowa da hannu a ciki, gara ka yi nisa ka huta. Su wa kake nufi Abba? Ni? Ka faɗa min ranar da na aiko maka da buƙata in ba maganin nan da likita ya rubuta ba, shi ma Antinku ce ta kira ka ban sani ba. Ko ƙannenka da kake ba ɗan kuɗin makaranta? Kai wa ya biya naka? Shekarar gobara da muka koma cin tuwo sau ɗaya a rana an taɓa koro ka daga makaranta? Mutanen da kake gani kamar nauyi yau su ne suka yi karo-karo aka yi maka lefe, Gwaggonka har akuyarta ta sayar, ba ta taɓa faɗa maka ba kuma kar ka nuna mata ka sani. In nisa kake nema da mu ba sai ka sayar da fili ba, ka faɗa kawai, za mu ɗauke maka. Haba Abba. Ban haife ka don ka rinƙa ƙirga loma a bakin ƴan'uwanka ba.

Toh shi kenan, na faɗa na huce, wataƙila ma ba haka ka faɗe ta ba, baki ne ya ƙara mata gishiri kafin ta iso ni. Na san kai ba marowaci ba ne, kuma na san nauyin ya yi maka yawa a shekarun nan da komai ya ninka.

Amma filin nan. Wallahi tun da na ji maganar barcina ya ragu. Ka san ba ni na saya ba. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, da adashi da kuɗin ɗinki ta haɗa, ta cika da ƴan kunnenta na aure, lokacin wurin gonar gero ce ba kowa sai makiyaya, mutane har dariya suka yi mata wai ta sayi daji. Ta ce gari zai zo. Ga shi ya zo, jami'a ta ja mutane, hanyar Gwarzo ta cika, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina. Haka Hotoro ta yi a idona, haka Rijiyar Zaki, haka Sheka da Naibawa da Mariri, duk gonaki ne da, wanda ya riƙe nasa yau shi ne mai gida, wanda ya saki yana wucewa yana nuna wa ƴaƴansa da yatsa. Shekarar gobara ita da kanta ta ɗauko takardar ta ajiye a gabana ta ce in sayar in tada jari, na mayar mata. Mutane sun zage ni a kan haka, har da naka dangin, aka ce taurin kai ne da girman kai, na gwammace na koma yaron shagon wanda na koya wa kasuwa da in taɓa shi, don ta riga ta ce na Abba ne. Kun sha wuya a lokacin, na sani, har yau Yayarka tana ganin laifina. Amma da na sayar da yau me za ka kira dillali ya auna?

Ka dubi Baffanka. Ba sai na ce komai ba, ka san yadda aka yi da rabonsa na gidan Kurna da abin da ya ce zai yi da kuɗin. Yau shekarunsa sun haura nawa amma duk bayan shekara biyu sai an ɗaure kaya an nemi motar kwasa, gadon matarsa har ya gaji da kwancewa da ɗaurawa, ƴaƴansa mata an zo neman aure ba a san gidan da za a ce nasu ba ne. Ranar da aka watso musu kaya waje da azumi kai ka tuƙa motar da ta kwashe su, ka ga fuskarsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin da nake tsoro kenan, ba talauci ba, talauci mun san shi mun zauna da shi. Ina tsoron in mutu in bar ka ɗan haya, ka tsufa kana lallaɓa mai gida sa'an ɗanka don ya ƙara maka wata ɗaya, amaryata ta tashi ba ta da gidan uba da za ta yi yaji ta dawo. Ina tsoron ranar da aiki zai ƙare, don kowane aiki yana ƙarewa, ka dawo Kano da jaka da yara ka tarar wani ya yi bene a inda uwarka ta zuba guminta. In na rufe ido shi nake gani.

Kar ka ce min za ka sayi wani a Abuja in ka samu. Ƙasar Abuja duk a hannun minista take, filin arha da ake saye a hannun masu unguwanni na gefen gari gwamnati ba ta san da takardarsa ba, rana ɗaya a zo a shafa jan fenti a kawo katafila. Zamanin da El-Rufai yake minista, 2003 zuwa 2007, mutane nawa suka kwana da gida suka wayi gari a fili, kuma rusau bai tsaya ba har yau. Mai takarda ta gaskiya kuwa kuɗinsa ba na mai albashi ba ne. A Legas ka saya ka biya, ranar da ka kawo bulo ƴan omonile, masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce, su zo su ce sai ka sake biya, ka zo rufi su dawo. Nan ma in ka saki wannan ba za ka sake kama irinsa ba, naira tana zubewa ƙasa tana hawa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, siminti ya haura dubu 10, miliyan 6 ɗin da kake gani da girma yau baɗi wani abu ne daban.

Ban ce kar ka je ba, ka ji ni da kyau. Namiji da nema aka san shi, ni ma na fita, kuma ilimin da ka yi ba don ka zauna kana kallona ba ne. Ka karɓi aikin. Amma ka tafi kai kaɗai tukuna, ka sauka wajen ɗan Gwaggonka a Dei-Dei, na riga na yi magana da uwarsa ta ce ɗakin zaure yana nan, ka rinƙa sa hannu a cefane kar ka zama kaya. Matarka da yara su dawo nan gida, sashen Hajiya babu kowa tun bara, a share a yi fenti, ka ga hayar Dorayi ma ta faɗi. Na san ita ba za ta so ba, ta riga ta gama gaya wa ƙawaye za ta Abuja, ka lallashe ta, yarinya ce mai hankali kuma ba wanda zai takura mata a gidan nan ina raye. Ka yi wata 6 ɗin gwajin, ka rubuta duk abin da ka kashe har na ruwan leda, in sun tabbatar da kai sai ka nemi daidai ƙarfinka a Kubwa ko Dutse ko Lugbe da kuɗin da albashin Abuja ya tara, ba da kuɗin ƙasar Kano ba. In albashin ya kasa biyan hayar garin da ake biyansa, toh ka san amsar da kanka. Abin da ya ragu kuma ko bulo ɗari-ɗari ne a rinƙa kaiwa Danbare, a fara da katanga don masu cin iyaka sun fara matsowa ta gabas. Kuma don Allah kar ka ce tunda Baba ya hana fili bari ka ci bashin nan na waya, kuɗin ruwa ne tsagwaronsa, kuma in ka makara kwana biyu duk wanda ke cikin wayarka sai sun tura masa saƙo sun kira ka ɓarawo, har ni.

Fili naka ne, gadonka ne, shari'a ta ba ka, ba ni da ikon hana ka kuma ba zan yi maka baki ba ko me ka yanke, wannan ka cire shi a ranka. Roƙonka nake yi. Ka kira dillalan nan yau ka ce ka fasa, in kunya kake ji ka ce ni na hana, su zo su same ni. In kuma ka riga ka karɓi kafin alƙalami a hannun wani ka gaya min nawa ne mu san yadda za a mayar tun magana ba ta yi nisa ba.

Ran Juma'a in an sauko ka biyo ta gida, ka taho da takardar aikin in sa ƙaninka ya sake karanta min sharuɗɗan a tsanake, musamman wajen gwajin nan da maganar asibiti ko sun ɗauki iyali. Ka taho da yaran, Antinku za ta yi dambu. Ka gaida maman yara da kyau, ka ce mata ban yi fushi da ita ba.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka ta inda ba ka zato, ya jiƙan mahaifiyarka.

Mahaifinka.